Yadda ake tambayar baƙar laka ko tsohon teku yana da iska

Wani ƙanina ɗan ƙauyenmu nan gefen Kura da ke karatun ilimin duwatsu ya zo hutu ya same ni a gona ana dashen shinkafa, ya ce Yaya ni fa sufabaiza ya ba ni furojet ɗin da ban san kansa ba ban san gindinsa ba, wai in yi amfani da ƙarafan da ke cikin laka in faɗi ko teku yana da iskar oksijin shekara miliyan casa'in da wani abu baya. Na ce masa cusa hannunka cikin taɓon nan. Ya cusa ya zaro, saman ja-ja ƙasan baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na ce toh ka riƙe rabin furojet ɗinka a hannu, sauran rabin shi ne zan rubuta a nan don shi da ire-irensa, maza da mata.

Abun da ke faruwa a taɓon nan shi ke faruwa a ƙasan teku. Ganye da ƙananan halittu su mutu su nutse, ƙwayoyin bakteriya su hau cin su, kuma wajen cin nan oksijin suke ja. In oksijin ta ƙare ba sa haƙura, kamar gidan da rumbu ya ƙare ne a koma kan abun da ya samu, su koma kan naitiret, daga nan manganis, daga nan tsatsar baƙin ƙarfe, ƙarshe su faɗa kan salfet da ke cikin ruwan gishiri su mai da shi iskar nan mai wari ta farar wuta wato salfayid. Salfayid ɗin in ya haɗu da baƙin ƙarfe shi ke baƙanta laka. Kowane mataki a cikin jerin nan akwai ƙarfen da yake kamawa ya ajiye a laka, akwai wanda yake saki, mu kuma ajiyar muke bi.

In kana so ka gane a sauƙaƙe je ka karofi. Baba in yana cikin ramin marina inda babu iska narkakke ne, sai an tsamo zane iska ta buge shi sannan shuɗin ya fito ya kama zare. Manganis da baƙin ƙarfe halin baba ne da su, babu iska su narke, da iska su daskare, shi ya sa ruwan wata rijiyar burtsatse ke fitowa garau amma in ya kwana a bokiti ka ga ja a ƙasa. Molibdenam da yuraniyam da banadiyam da riniyam kuwa akasin haka suke, in da iska suna yawo abinsu a narke cikin teku shekara dubu ɗaruruwa, da zarar iska ta ɗauke sai su sauka su maƙale a laka. Ruwan teku na yau yana da molibdenam kusan maikirogiram 10 a lita ɗaya, yuraniyam kusan 3, ɗan mitsitsi ne amma tekun da yawa, kuma laka tana tarawa a hankali kamar asusu.

Fara da neman dutsen da ya dace, a nan ne yawancin yara ke faɗuwa tun kafin a je lab. Kano dai a manta, muna zaune ne kan tsohon dutsen ƙasa irin su giranit, babu lakar teku a ciki. Gabashin Jigawa wajen Haɗeja yashi ne da yumɓun koguna da tafki na kwarin Chadi, shi ma ba teku ba ne. Sai ka yi tafiya. Akwai lokacin da teku ya ratso Sahara ya shigo ƙasar nan, kuma ya bar shaidarsa a wuri biyu da mota za ta kai ka, ɗaya wajen Gombe da Yobe, su Ashaka da Pindiga da Fika, inda ake samun duwatsun kusan shekara miliyan 94 har da katantanwar teku da ta zama dutse, ɗayan kuma ƙasar Sakkwato, su Dukamaje da Dange da Kalambaina, waɗanda suka fi ƙuruciya, ƙarshen zamanin dainaso da ɗan bayansa. Abun da kake nema shi ne shel, dutsen laka mai ɓarewa falle-falle kamar takarda, mai duhu. Yashi ba ya riƙe labarin nan, farar ƙasa ta siminti kuma tana da nata rigimar da zan zo kanta.

Kuma dan Allah kafin ka ɗaga guduma ka je ka gai da mai unguwa ko dagaci ka faɗi abun da ya kawo ka, in kwari ne na kamfani, wato wurin fasa dutse, ka nemi izini a rubuce. Baƙo da guduma da leda a bayan gari, kowa zai ce zinare kake nema.

Babbar matsalarmu a nan ita ce rana da ruwan sama. Dutsen da ya daɗe a fili oksijin ta riga ta shige shi ta wanke yuraniyam da riniyam da molibdenam ta ƙone ragowar halittun da ke ciki, ka kai lab ya ce maka tekun yana da iska alhali iskar bara ce da ta bana yake ba ka labari. Ni kaina na taɓa yin wannan wautar, na kwashi samfur a gefen titi inda gireda ta yanka tudu don ya fi sauƙi, sai da sakamako ya fito fanko na koma na haƙa na ga ashe baƙin dutsen yana can ciki, na saman duk ya koɗe. Saboda haka ka haƙa har sai launi ya daina canzawa. In ka ga ja ko ruwan ɗorawa a tsagin dutsen, ko ƙyalƙyalin jifsam, wani farin ma'adini mai kama da gishiri, a fuskarsa, wannan ya sha iska, wuce shi. Wanda ya fi kowanne kyau shi ne kwa, wato sandar dutsen da injin haƙa ya zaro daga ƙarƙashin ƙasa, sai kuma sabuwar fuskar kwari da aka fasa kwanan nan. Wanda sufabaizansa ke da hanya, akwai ma'ajiyar irin waɗannan sanduna na ƙasan tekun Atlantika a Bremen ta Jamus, masu bincike suna rubuta takarda su nemi samfur a aiko musu.

Kada ka ɗebo guda biyar daga inda ka ga dama. Ka auna bangon daga ƙasa zuwa sama da tef, ka ɗauka a jere, a ce duk rabin mita ko ƙasa da haka inda launi ke saurin canzawa, kowanne da lambarsa da tsayinsa a littafi, leda daban-daban. Kuma ka buɗe ido ka rubuta abun da ka gani, domin shaidar farko kyauta ce: in lakar tana da layi-layi sirara a kwance ba abun da ya taɓa su, alama ce ba tsutsa ko wata halitta da ta iya zama a wurin, in kuwa duk an dagula ta da ramuka toh akwai masu numfashi a lokacin.

A lab, ka kankare bayan dutsen, ka shanya shi a ɗan zafi kaɗan, sannan niƙa. Nan ma akwai tarko. Injin niƙa na ƙarfe yana zuba maka kuromiyam da nikel da baƙin ƙarfe, wani ma har molibdenam ɗin da kake nema, na tangistin kuma yana zuba kobalt. Turmin agat, wani dutse mai tauri da santsi, ake amfani da shi, a wanke tsakanin kowane samfur, a niƙa har ya yi laushi kamar bulla. Kada wlh ka kai wa mai injin markaɗe, na san akwai wanda zai yi tunanin haka.

Garin sai a raba shi. Kashi ɗaya a auna manyan sinadarai da XRF, injin da ke haska gari da eksire, musamman aluminiyam da baƙin ƙarfe da manganis. Kashi ɗaya a zuba masa asid mai rauni ya cinye farar ƙasar da ke ciki sannan a auna kabon na ragowar halittu, wanda ake rubutawa TOC. Kashi na uku a narkar da shi gaba ɗaya a sa a ICP-MS, shi ne injin da ke iya ganin ƙarafan nan ko da kashi ɗaya ne cikin miliyan, ma'aunin da ake kira ppm. Narkarwar da wani asid mai ƙarfi da ake kira HF ake yi, kuma wannan ba abun wasa ba ne, yana ratsa fata ya kai ƙashi ba tare da ka ji zafi da wuri ba, in ba a koya maka ba kuma babu maganin shafawarsa a kusa ka bar ma'aikacin lab ya yi. In kuɗi ya sa za ka tura samfur wani wuri a auna maka, ka cusa guda biyu ko uku da ka raba biyu ka ba su lamba daban ba tare da ka faɗa ba, ka kuma tambaya wane dutsen gwaji suka auna tare da naka, irin su SDO-1 ko SGR-1 na hukumar binciken ƙasa ta Amurka. In tagwayenka suka dawo da lamba mai nisa da juna ka san akwai gyara. Ƙaramin XRF na hannu yana da amfani wajen leƙe a daji amma in molibdenam ɗin kaɗan ne ba ya ganinsa da kyau.

Toh sakamako ya zo, kada ka yi murna da lambar tukuna. Kowace laka tana zuwa da ɗan ƙarfenta tun daga tudu, wanda kogi ya kwaso, wannan ba ruwansa da iskar teku. Dole ka ware shi, kuma aluminiyam ne ma'aunin, saboda shi daga tudu kawai yake zuwa kuma bai damu da iska ba. Lissafin Excel ne kawai: raba ƙarfen da aluminiyam na samfurinka, sannan ka raba amsar da irin wannan rabon na shel gama-gari. Wanda aka fi ɗauka a matsayin gama-gari shi ne PAAS, matsakaicin shel na Ostireliya, aluminiyam kusan kashi 10 cikin 100, molibdenam ppm 1, yuraniyam kusan ppm 3. A ce naka yana da aluminiyam kashi 5, molibdenam 30, yuraniyam 9. Molibdenam: 30 raba 5 ya ba da 6, na gama-gari 1 raba 10 ya ba da 0.1, kenan ninki 60. Yuraniyam: 9 raba 5 ya ba da 1.8, na gama-gari 3 raba 10 ya ba da 0.3, kenan ninki 6. Ninki 1 zuwa 2 ba labari, daga 3 ka fara kallo, 10 zuwa sama magana ta tabbata akwai abun da ya faru.

Ga rigimar farar ƙasa da na ce. Ita aluminiyam ɗinta kaɗan ne, a ce rabin kashi ɗaya, toh ko molibdenam ppm 2 ne kacal lissafin zai ba ka ninki 40, ka hau murna kana cewa ka gano teku marar iska alhali raba lamba da ƙaramar lamba ne ya kumbura ta. Kullum ka ajiye asalin ppm ɗin kusa da ninkin kana kallon su tare.

Yanzu karatun kansa, wanda shi ne daɗin aikin. Ƙarafan nan ba lokaci ɗaya suke sauka ba. Riniyam da yuraniyam su ke riga, da iska ta yi ƙaranci har aka kai matakin cin tsatsa sun fara taruwa, banadiyam ma yana nan kusa. Molibdenam shi mai taurin kai ne, ba ya sauka sosai sai salfayid ya taru, in salfayid ɗin ya kai wajen maikiromola 11 a lita, wato ma'aunin yawansa a ruwa, a nan ne yake juyewa ya zama mai maƙalewa. Don haka in ka ga yuraniyam ya hau molibdenam yana ƙasa, ruwan ƙarancin iska ne kawai. In suka hau tare har molibdenam ya tsere, an shiga wari. Masu bincike Scott da Lyons a 2012 sun tattara na tekunan yau suka nuna cewa inda salfayid ke cikin laka kawai ruwan da ke saman lakar kuma lafiya lau, molibdenam ba ya cika wuce ppm 25, inda ya haura 100 kuwa ruwan kansa ne ke da salfayid dindindin, tsakanin 25 da 100 kuma sai an yi hattara. Wannan bambancin ka riƙe shi da kyau, kududdufin bayan gari ma taɓonsa baƙi ne mai wari amma ga tarwaɗa na yawo a sama, baƙar laka kaɗai ba ta nuna ruwan ya mutu ba. Ruwan da shi kansa ya zama mai wari shi ake kira yuksinik, daga tsohon sunan da Girkawa ke kiran Bahar Aswad, tekun da ke arewa da Turkiyya, da shi.

Bahar Aswad ɗin nan kuwa ita ce ke koya wa mutum kunya. Zurfinta ya wuce mita 2000, kuma in ka sauka ƙasa da mita 150 ko makamancin haka babu oksijin sai salfayid har ƙasa, ka ce molibdenam zai cika lakarta fal. Amma ina. Ƙofarta ɗaya ce siririya a Istanbul, sabon ruwa ba ya shiga sosai, lakar ta daɗe da shanye molibdenam ɗin ruwan zurfin har saura ɗan kaɗan. Kamar kasuwar ƙauye ce da hanya ta yanke da damina, ga masu saye da kuɗi a hannu amma kaya bai iso ba. Algeo da Lyons a 2006 suka ce toh a raba molibdenam da TOC a gani: Bahar Aswad ta ba da kusan 4.5, Framvaren ta Norwe kusan 9, kwarin Kariyako na Benezuwela kusan 25, Saanich ta Kanada da ruwa ke yawan sabuntawa kusan 45, dukkansu kuwa masu wari ne. Koma kan misalinmu, in samfurin nan mai molibdenam 30 yana da TOC kashi 6, rabon 5 ne, wato ya yi kama da tekun da aka toshe wa ƙofa. Mu da tekunmu na Gombe da Sakkwato ya kasance siririn hannu ne da ya shigo cikin ƙasa, wannan lissafin wajibi ne a kanmu. Babbar lamba ba ta cika yin ƙarya ba, ƙaramar lamba ce ke iya nufin abu biyu, ko akwai iska, ko kuwa babu iska kuma babu ƙarfen.

Har duniya gaba ɗaya abun ya taɓa faruwa. A wancan lokacin na shekara miliyan 94 rashin iska ya bazu a tekuna da yawa har ya janye ƙarafan daga ruwa, sandunan da aka haƙo a tudun Demerara da ke ƙarƙashin teku kusa da Suriname sun nuna molibdenam da banadiyam sun ragu daidai lokacin da abun ya fi tsanani. Wanda bai sani ba sai ya karanta shi a juye.

Akwai kuma akasin haka, inda molibdenam ke yin yawa fiye da ƙima yuraniyam na zaune. Wannan yawanci manganis ne ke dako, a sama inda akwai iska ya daskare ya kwaso molibdenam, ya nutse, a ƙasa ya narke ya sauke kayan ya koma sama ya sake ɗaukowa, yuraniyam kuwa ba ya hawa wannan motar. Hanyar gane shi ita ce giraf ɗin Algeo da Tribovillard na 2009, ninkin yuraniyam a kwance na molibdenam a tsaye, ka zuba duk samfurinka ka ga hanyar da suka bi idan aka gwada da layin ruwan teku, wanda a nauyi molibdenam ya ninka yuraniyam kusan sau 3. In da kadmiyam a sakamakonka ka duba shi ma, yawansa a kan molibdenam yana nuna irin gaɓar Namibiya da Peru inda abinci ne ya yi yawa a ruwa har ruɓarsa ta cinye iska, ba toshewa ba.

Wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya, kusan duk furojet ɗin da na gani a kan shel ɗinmu sai ka tarar an raba banadiyam da kuromiyam, nikel da kobalt, yuraniyam da toriyam, an ɗauko iyakokin Jones da Manning na 1994 an manna, an ce shikenan ga amsa. Su waɗancan iyakokin a kan wasu duwatsun Ingila da tekun arewacin Turai aka fitar da su, ba a ce su yi aiki a Fika ba, kuma Algeo da Liu a 2020 sun sake gwada su a duwatsu masu yawa suka ga ba abun dogaro ba ne a ko'ina. In sufabaiza ya nace ka saka, saka, amma kada su zama su ne gindin maganarka.

In da hali ka ƙaro shaida daga wajen ƙarafan nan. Rabe-raben baƙin ƙarfe na Poulton da Canfield shi ne aka fi yarda da shi: in baƙin ƙarfe mai saurin narkewa ya wuce 0.38 na jimlar baƙin ƙarfen da ke cikin samfurin ruwan ba iska, ƙasa da 0.22 akwai iska, sannan in kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na mai saurin narkewar ya zama firit, wato zinaren wawaye, ruwan mai wari ne. Wannan ne ke raba maka ruwa marar iska mai baƙin ƙarfe da mai salfayid, abun da molibdenam shi kaɗai ba ya iyawa da kyau. Akwai kuma auna girman ƙwayoyin firit a madubin lantarki, in duk ƙanana ne wajen maikiron 5 kuma kusan girmansu ɗaya, a cikin ruwa suka haihu suka faɗo. Masu manyan lab suna auna aisotof, wato nau'o'in ƙarfe ɗaya masu bambancin nauyi, na molibdenam da yuraniyam don su san yanayin tekun duniya gaba ɗaya ba na kwari ɗaya ba, amma wannan sai a digiri na gaba. Da irin ƙarafan nan ne dai Anbar da abokansa a 2007 suka ga ɓurɓushin oksijin a shel ɗin Dutsen McRae na Ostireliya mai shekara biliyan 2.5, tun kafin iskar ta cika sararin duniya.

Wajen rubutawa, ka jera komai a kan tsayin bangon da ka auna, TOC da manganis da ninkin yuraniyam da na molibdenam da na banadiyam gefe da gefe, ga zanen dutsen a hagu da inda ka ga ramukan tsutsa da inda layi yake lafiya. Inda suka yi magana ɗaya ka faɗa da ƙarfinka, inda suka saɓa ka rubuta cewa sun saɓa ka kawo dalilin da kake zato, toshewa ce ko dakon manganis ko dutsen ne ya sha iska. Kuma ka ce "a wannan wurin", kada ka auna bango ɗaya a Pindiga ka ce tekun duniya ne ya mutu.

Ƙanin nawa dai ya koma makaranta da tef da leda ɗari da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa. Na ce masa ya bari sai an gama ruwa hanya ta bushe kafin ya nufi Gombe, ya kuma tafi da diga ba guduma kaɗai ba, don haƙar da zai yi kafin ya kai ga baƙin dutsen ta fi ƙarfin guduma.